Yawan ambato ne ma'aunin gwanin binciken kifi?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga Aboabo a Kumasi, zan fara digiri na biyu a jami'ar KNUST. Ina son bincika yadda zafin ruwa ke shafar numfashin karfasa. Malamai biyu nake tunanin bi. Ɗaya ya fi yawan muƙalu a Google Scholar, an kuma fi ambatonsa. Shi zan zaɓa?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi wa karatunki albarka. Kada ki yi gaggawa.

Lambar nan da Google Scholar ke nunawa a shafin kowane malami, wadda ake kira h-indeks, wani masanin kimiyyar fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ta a 2005. In mutum yana da 12, ma'anarta yana da muƙalu 12 da aka ambaci kowace aƙalla sau 12 a wasu rubuce-rubucen bincike. Lambar ba ta raguwa, shi ya sa dattijo kan fi matashi ko da ya daɗe da barin ɗakin gwaji. Google Scholar kuma komai yake ƙirgawa, har kundin ɗalibai da inda mutum ya ambaci kansa. Ki duba malaman biyu a Scopus, wani rumbun muƙalu da ke tace abin da yake ƙirgawa, za ki ga adadin ya sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne irin kifin. Mai bincike a kan salmon, ko ɗan kifin nan zebra da masu binciken cututtukan ɗan Adam ke gwaji da shi, yana da dubban abokan aiki da za su ambace shi. Wanda ya shafe watanni yana auna iskar oksijin da tarwada ko karfasar tafkin Bosomtwe ke shaƙa, masu karanta shi kaɗan ne, alhali aikinsa ne ya shafi tukunyarmu. Lokacin da karfasa ta yi ta mutuwa a kejunan tafkin Volta a 2018 da 2019, masu kiwo wanda ya san jikin kifinsu suka buƙata. Haka ma karfasar Akosombo da cibiyar binciken ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, ta inganta: a kududdufan manoma ake ganin amfaninta.

Ki ɗauki muƙalu uku na kowannensu daga shekaru biyar da suka wuce, ki karanta har ƙarshe. Sunansa ne na farko ko na ƙarshe a jerin marubutan, inda jagororin aikin kan kasance, ko yana tsakiyar mutum goma? A wace mujalla? Journal of Fish Biology da Fish Physiology and Biochemistry sai masana sun tace aiki kafin su buga, amma akwai waɗanda kuɗi kawai suke karɓa su buga cikin mako guda. Irin waɗannan, ko ɗari ne, ba na ƙirga su.

Daga nan ki nemi tsofaffin ɗalibansu, ki tambaye su a shekara nawa suka gama, ko sunansu ya fito a muƙala, kuma ko na'urar auna oksijin ta ɗakin gwajin tana aiki, domin da ita za ki yi bincikenki.