Hawainiyar da ta daina cin abinci, tana kuma faɗowa daga reshe

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta bayaninka cewa hawainiyar da ka saya wa yara ta yi kwana huɗu ba ta ci komai ba, tana rufe ido da rana, kuma sau biyu kun tarar ta faɗo daga reshe. Allah ya ba ta lafiya. Na taɓa shiga irin wannan hali a nan Jidda, kuma zatona ya fi karkata ga ciwon laushin ƙashi, ko da yake likitan dabbobi ne kaɗai zai tabbatar maka.

Tawa irin ta Yaman ce, mai tsayin tukku a ka, wadda asalinta duwatsun Yaman ne da kudu maso yammacin Saudiyya, wajajen Asir. Saboda 'yar ƙasa ce, sai na ɗauka cewa ba ta buƙatar wani tanadi, na ajiye kejinta a falo kusa da taga, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana aiki dare da rana. Bayan wasu watanni na lura cewa idan ta harba harshenta ga gyare sai ya gaza kaiwa, ya dawo a hankali, sannan ƙafafunta na gaba suka lanƙwashe, riƙonta ya yi rauni, har idan ta hau yatsana ba na jin matsin da na saba ji. Da likita ya ɗauki hoton ƙashinta, ya nuna mini yadda ƙasusuwan suka yi dishi-dishi, ya kuma bayyana mini cewa gilashin taga yana tare hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda da shi ne jikinta yake samar da bitamin D3, kuma idan babu wannan bitamin, kalsiyam ɗin da ta ci, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ba ya amfanarta. Wato tana kallon rana kullum, amma ranar ba ta isa gare ta ba.

Ya ba ta kalsiyam na ruwa, ni kuma na sayi doguwar fitilar UVB na ɗora a saman keji, tana kunne awa 12 a yini. Irin wannan fitila ana sauya ta bayan wata 6 zuwa shekara guda gwargwadon samfurinta, domin ƙarfinta yana raguwa ko da tana ci gaba da haske. Na sa wata fitilar ta ɗumi a gefe ɗaya, inda zafin reshen yake kusan digiri 30, na rage tsayin rassan, na shimfiɗa tawul a ƙasa saboda faɗuwa. Gyare da fara kuwa sai na ciyar da su ganye da karas, na barbaɗa musu garin kalsiyam, kafin in ba ta. Ta warware, amma ƙafafun ba su miƙe ba har ƙarshen rayuwarta.

Ka duba batun ruwa ma, domin hawainiya ba ta saba sha daga kwano ba, ɗigon da ke kan ganye take lasa, kuma mukayyif yana busar da iskar ɗaki. Ka riƙa fesa ganyen safe da yamma. Idan idanunta sun faɗa ciki, ko farin da ke jikin kashinta ya koma ruwan lemo, to ƙishirwa ta kama ta. Kada ka buɗe bakinta da ƙarfi don ɗura mata abinci ko ruwa, saboda muƙamuƙin da ya yi laushi yana iya karyewa, ruwan kuma yana iya shiga huhu. Yara su daina ɗaukarta a yanzu. Ba don dafi ba, kamar yadda mutanenmu suke tsoro, domin ba ta da shi, sai don taɓawar tana ƙara gajiyar da ita.

Ba ka faɗa mana ko mace ce ba. Namijin irin ta Yaman yana da ɗan tsiro a dunduniyar ƙafar baya. Macen tana yin ƙwai ko babu namiji, kuma idan ba ta sami yashi mai danshi da zurfin kamar taƙi guda da za ta haƙa ba, ƙwan yakan maƙale mata, wanda hakan yana kisa. Idan ka ga cikinta ya kumbura tana yawo a ƙasan keji, ka kai ta asibitin dabbobi yau, kuma ka fara tambaya ta waya ko suna duba dabbobi masu rarrafe, domin da yawansu kyanwa da tsuntsaye kawai suka fi sani.