Wai ɗinkin hannu yana rage damuwa?

Ɗan nan, na ga saƙonka na jiya da daddare, kana cewa wai ka ji ana cewa ɗinkin hannu yana kwantar da hankali har ma yana ƙara lafiya, kai kuma wata uku kenan kana riƙe allura ba abin da ka samu sai ciwon baya da ido na ruwa, to wanne ne gaskiya. Dukkansu gaskiya ne wallahi, bari in maka bayani.

Ka tuna hular da ka kawo min ranar Laraba na ce ka warware layi biyu? Ban tambaye ka komai ba amma na san ranar ranka a ɓace yake, don zaren ka ja shi da ƙarfi har yadin ya tattare. Allura ba ta ɓoye sirrin mai ita. In kana cike gidan zane, ido yana kan layi, hannu yana sokawa yana fitarwa, kana ƙirga ɗinki a zuci, to ina zuciya za ta samu sararin tunanin bashi ko rigimar gida? Ba ta iya ɗaukar biyu lokaci ɗaya. Ni shekarar da mahaifiyata ta rasu, Allah ya ji ƙanta, barci ya ƙaurace min, aska takwas ɗin wata babbar riga ce ta riƙe ni, kullum bayan hantsi in zauna a zaure in yi ta sokawa har azahar, in na ɗaga kai sai in ga aiki ya ci gaba ko da ɗan yatsa ɗaya ne, wannan ɗan ci gaban ma wani abu ne ga wanda yake ganin komai ya tsaya masa.

Kuma ba mu kaɗai muka san haka ba. A yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, a asibitocin Ingila an riƙa koya wa sojojin da suka ji rauni ɗinkin ado, don hannu ya saba motsi kuma hankali ya dawo jikinsu. Nan kusa ma, mutanen Bama da rikici ya kora Maiduguri a 2014, da yawansu ɗinkin hula suka kama a sansani, ga ɗan kuɗin cefane ga abin da zai ɗauke tunani. Sannan aikinmu ba a kaɗaici ake yinsa ba, ka je cikin birnin Zariya ka ga masu ɗinki a ƙofar gida sun jeru kan tabarma ana hira ana tsokana, rabin maganin ma a nan yake.

Yanzu batun bayanka. Laifinka ne, kar ka ɗora wa allura. Kana duƙufa kamar mai neman kwabo a ƙasa, ka jingina da bango ka sa fulo a ƙugu, ka ɗago aikin zuwa gare ka maimakon ka kai masa wuya. Zare kar ya wuce kamu ɗaya, in ya yi tsawo kafaɗa ce take biya kuma ya dinga harɗewa. Duk rabin awa ka miƙe, ka murza yatsu, ka kalli nesa can bishiyar bakin titi ido ya huta. Ɗinki da fitilar waya kuma na hana ka tun ba yau ba, na san kana yi. Ni da na haura 40 sai da na sayi gilashi kafin in iya zura zare, ba abin kunya ba ne.

Sai dai ka sani aikin gaggawar sallah, mai kaya yana ta buga waya yana ina rigata, wannan babu hutun zuciya a cikinsa, shi ya sa ba na karɓar aikin hannu in azumi ya raba. In kuma damuwa ta kai mutum ba ya ci ba ya barci, ko yatsu sun fara mutuwa da dare, asibiti zai je ya ga likita, allura taimako kawai take yi.

Gobe ka zo da hular nan da wuri in ga zamanka da idona.