Daga ina dabba mai kai bakwai ta fito?

Tambaya: A ajinmu na nazarin Littafi Mai Tsarki mun kai Wahayin Yahaya sura 13, sai muka cije a kan dabbar nan mai kai bakwai da ƙaho goma. Wasu sun ce wani shugaban ƙasa ne na yanzu. Ta ina za mu ɓullo mata?
Wata mai karatu, Kafanchan

Amsa: 'Yar'uwa, ku ajiye maganar shugabannin yau tukuna, ku buɗe Daniyel sura 7. Can dabbobi huɗu suka fito daga teku: mai kama da zaki, mai kama da beyar, damisa mai kai huɗu, sai ta huɗun mai ƙaho goma. Ku ƙirga kawunansu: ɗaya da ɗaya da huɗu da ɗaya, bakwai ke nan. Yahaya ya haɗe su cikin jiki guda: jikin damisa, ƙafafun beyar, bakin zaki. Tun da Daniyel 7:17 ta ce dabbobin sarakuna ne, saƙon a fili yake: muguntar daulolin da suka shuɗe ta taru a daula ɗaya.

Wace daula? Yawancin masana sun ce Roma, domin a wajen shekara ta 95, zamanin Sarki Domitiyan, suke ganin an rubuta littafin, kuma Wahayi 17:9 ta ce kawunan duwatsu bakwai ne, kamar tuddan birnin Roma. Yahaya ya kira Roma Babila saboda Babila ta rushe Haikalin Urushalima, Roma ma ta rushe shi a shekara ta 70.

Dabarar da muke ba ku ita ce, ku raba takarda gida biyu, annabin Tsohon Alkawari a dama, Yahaya a hagu, ku ja layi a inda suka saɓa, don nan ne ma'ana take ɓuya. Ezekiyel (sura 3) ya ci littafi, ya ji zaƙi kamar zuma. Yahaya (Wahayi sura 10) ya ji zaƙin, amma cikinsa ya yi ɗaci, domin saƙon na ɗauke da wahalar masu bi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lissafi. Wata 42 da kwana 1,260 da Wahayi ya ambata duk shekara uku da rabi ne, idan wata kwana 30 ne, kuma daga Daniyel 7:25 aka ɗauko su a matsayin wa'adin tsanani mai iyaka. Masu ɗora su kan kalanda don tsayar da ranar ƙarshen duniya sun sha yin haka, ranar ta zo ta wuce, aka bar mabiyansu da karayar zuciya.