Mahaifina ya rasu ya bar hannun jari, yaya za mu karɓa?

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Ka ce kun kai takardun hannun jarinsa, an ce ku kawo shaidar cewa kuna da ikon taɓa su. Gaskiyarsu ce, domin kasancewarka ɗansa kaɗai bai isa ba a wajen rijistaran kamfani, wato ofishin da ke riƙe da sunayen masu hannun jari a kamfanin.

Ku fara da takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sannan ku je sashen gado na Babbar Kotun Jiha ku nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda za ta ambaci sunayen waɗanda iyali suka wakilta. Rabon da Kotun Shari'a ta yi yana fayyace kason kowa, amma yawancin rijistarori takardar Babbar Kotu suke nema.

A nan ake yawan tuntuɓe: wajen cike jerin kadarori, sai a rubuta gida da fili a manta da hannun jarin. Ku rubuta kowane kamfani da sunansa da adadin hannun jarin Baba a cikinsa. Ku kuma duba yadda aka rubuta sunan Baba; idan wata takarda ta ce Muhammadu, wata Mohammed, sai an yi rantsuwa a kotu an gyara.

Daga nan wakilan su buɗe asusun banki da sunan gadon, dillalin hannun jari ya bi muku ta CSCS, wato kamfanin da ke ajiye bayanan hannun jarin jama'a. Don Allah kada kowa ya kwaikwayi sa hannun marigayi, laifi ne. Idan akwai marayu ƙanana ko saɓani tsakanin magada, ku ɗauki lauya tun yanzu.