Ku Tambayi Mai Gyara: AC na Taga da Girman Ɗaki

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan AC na taga suke, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Na ɗan rage tsawon wasu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kusa tarewa a sabon gida, ina son sa AC na taga a wuri uku: ɗakin kwanana mai ƙafa 12 da 12, ɗakin yara mai ƙafa 10 da 10, sai falo mai ƙafa 14 da 20. A falon mukan kai mu shida da daddare. Mai sayarwa ya ce in kwashi mai doki biyu guda uku in huta, wai babba ba ya ba da kunya. Yaya ka gani? Daga wani magidanci.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Kada ka kwasa. Mai doki biyu guda ɗaya kake buƙata, na falo, sauran biyun kuwa ƙanana ne za su yi maka aiki.

Na'urar nan zafi take kwasa daga cikin ɗaki ta zubar a waje, aikinta ke nan. Lambar BTU da ke jikin kwali tana nuna yawan zafin da za ta iya fitarwa cikin awa ɗaya. A kasuwa da doki ake magana: doki ɗaya kusan BTU 9,000 ne, ɗaya da rabi kusan 12,000, biyu kusan 18,000. Amma kamfanoni ba su bin ma'auni ɗaya a wannan kira, don haka ka duba ɗan farantin da ke manne a gefen na'urar, lambar da ke can ita ce abin dogaro.

Ma'auni biyu ne ke yawo a hannun mutane, kuma saɓaninsu ne ke rikita masu saye. Na farko jadawalin shirin Energy Star na Amurka. Shi ya ce ɗaki mai murabba'in ƙafa 100 zuwa 150 a ba shi BTU 5,000, daga 150 zuwa 250 a ba shi 6,000, daga 250 zuwa 300 a ba shi 7,000, mai 450 zuwa 550 kuwa 12,000. Jadawalin ba shi da laifi, sai dai an tsara shi ne da tunanin gida mai silin da bango da ke tare zafi, da tsayin ɗaki na ƙafa 8. Na biyu shi ne lissafin da masu gyara ke yi a wuraren da rana ba ta wasa: kusan BTU 600 a kan kowace murabba'in mita, wato kusan 55 a kan kowace murabba'in ƙafa. Ni da na biyun nake aiki in dai gidan bulo ne da rufin kwano a wuri mai zafi. Wanda ke zaune a inda zafin bai wuce na wata biyu ko uku mai sauƙi ba, na farkon ya ishe shi.

Mu lissafa naka da ma'auni na biyu. Ɗakin kwana 12 sau 12 ya ba da 144, sau 55 ya kama 7,920, mai doki ɗaya ke nan har da ɗan rara. Ɗakin yara 100 sau 55, 5,500: ka nemi mai 6,000 ko 7,000, in babu ka sa mai doki ɗaya, kada ka wuce nan. Falo 280 sau 55 ya ba da 15,400. Sai mutane: jikin ɗan Adam ma zafi yake fitarwa, ana ƙara BTU 600 a kan kowane mutum da ya haura biyu. Ku shida ne, huɗu sau 600, 2,400. Jimla 17,800. Ga gurbin mai doki biyunka.

Abubuwa uku na iya sauya wannan lissafi. Ɗakin da rana ke duka sosai a ƙara masa kashi 10 cikin ɗari, wanda ke cikin inuwa a rage masa kashi 10. In silin ya haura ƙafa 8 da yawa, a ƙara gwargwadon haurawar. In kuma falon a buɗe yake da kicin, babu ƙofa tsakani, a ƙara 4,000, kuma faɗin kicin ɗin ma ya shiga lissafi. Dalilin da ya sa na hana ka sa babba a ƙaramin ɗaki yana cikin wasiƙa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, ɗana ne ya sa mini AC mai doki biyu a ɗan ɗakina, bai fi ƙafa 11 da 12 ba. Sanyi kam akwai, har ya yi yawa, amma jiki sai ya riƙa danƙo, zanin gado kamar bai bushe ba, kayan cikin durowa har sun fara warin funfuna. Kuma injin ɗin bini-bini ya tashi, bini-bini ya mutu. Ko jabu aka sayar masa? Daga wata dattijuwa.

AMSA: Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka, niyyarsa mai kyau ce. Na'urar ba jabu ba ce, ta fi ƙarfin ɗakin ne. Ɗakinki murabba'in ƙafa 132 ne, buƙatarsa ba ta wuce BTU 7,000 da ɗoriya ba, aka kawo masa 18,000.

AC aiki biyu take yi a lokaci guda, tana rage zafi tana kuma tsotse laimar da ke cikin iska. Na biyun mutane ba su cika lura da shi ba, alhali don shi aka fara ƙera ta. A 1902 Willis Carrier ya tsara na'urarsa ne don wata maɗaba'a a Brooklyn ta birnin New York, inda laima ke sa takarda ta kumbura ta motse, launukan bugu su kasa hawa kan juna daidai. Sanyaya mutane daga baya ya zo.

Kin ga yadda kofin ruwan sanyi ke gumi in an ajiye shi? Haka bututun da ke bayan murfin gaba yake yi. In ya yi sanyi, iskar ɗaki ta ratsa shi, laimar ta zama ɗigon ruwa ta gangara cikin tire ta fita ta baya. Sai dai wannan yana son lokaci. Sai kwamfresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ta ɗauki mintuna tana aiki kafin bututun ya jiƙe har ruwa ya fara gangarawa. Taki kuwa cikin ɗan lokaci take sauko da zafin ɗakin, ma'aunin zafin da ke jikinta ya ce an kai, kwamfresa ta tsaya. Fanka ba ta tsaya ba, sai ta busa ɗan ruwan da ya taru a kan bututun ya koma cikin ɗaki. Bango da katifa ba su riga sun huce ba, zafi ya dawo, kwamfresa ta sake tashi. Haka za a kwana. Ga sanyi mai danƙo, ga kwamfresa tana shan wahala, domin lokacin tashi ne ta fi jan wuta kuma ta fi gajiya.

Kafin a kai ga canji, ki gwada abu biyu. Ki mayar da fanka kan mafi ƙarancin gudu, iskar za ta daɗe a kan bututu ta bar ruwa da yawa. In rimot ɗin yana da maɓalli mai hoton ɗigon ruwa, na busar da iska ke nan, ki kunna shi. Zai rage, ba zai kawar ba. Maganin gaskiya a kai wannan na'urar falo a kawo miki mai doki ɗaya. Ki nuna wa yaron wannan shafi, kada ya ɗauka raina kyautarsa kika yi.

TAMBAYA: Yallabai, ɗakina a saman bene yake, ƙafa 13 da 14, tagarsa na kallon yamma. AC ɗina mai doki ɗaya ne. Da safe lafiya lau, amma daga azahar zuwa dare yana ta aiki ba tsayawa, ɗakin bai yin sanyi. Sau biyu ana ƙara mini gas. In sayi babba? Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Ɗan'uwa, da alama za ka saya, amma ba yau ba. Fara da maganar gas, domin ita ce ta fi ba ni haushi. Gas ɗin AC ba ya ƙarewa da aiki. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, in ya ragu to akwai huji. Na taga ma a rufe yake zuwa daga kamfani, yawanci ba shi da bakin ɗura gas sai an fasa an yi masa. Mai gyaran da ya ƙara sau biyu bai nemi inda yake yoyo ba, bai gyara komai ba. Kuma tunda da safe yana sanyi, ina kyautata zaton gas ɗin bai taɓa zama matsalar ba.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. Ka nemi ma'aunin zafi, ka bar na'urar ta yi kamar kwata tana aiki. Ka auna iskar da take shaƙa ta gaban matatar ƙura, ka auna wadda take hurowa. In tazarar ta kai digiri 8 zuwa 11 a ma'aunin Selshiyos, lafiyarta ƙalau, zafin da ke shigowa ne ya fi ƙarfinta. In ba ta kai ba, zare matatar ka ɗaga ta ga haske. In ba ka hango hasken ta cikinta, wanke ta da ruwa, ta bushe ka mayar. Duk sati biyu zuwa wata ɗaya take son haka.

Daga nan ka leƙa waje. Wannan na sha gani: an fasa bango mai kauri an tura na'urar, ramukan shan iska na gefenta sun nutse cikin siminti, yatsa ma ba ya shiga tsakani. Ta waɗannan ramuka take jan iskar da za ta huce bututun baya. In an toshe su, sai ta riƙa shaƙar zafin da ta fitar, kwamfresa ta ɗau zafi ta yanke. Dole ramukan su fito fili gaba ɗaya, bayanta kuma ya sami sarari, ba a jingine da katanga ko cikin kejin ƙarfe mai matsi ba. Ka duba giɓin da ke kewaye da ita ma, in kana hango hasken rana ta nan to zafi na shigowa ta nan.

In duk wannan ya yi daidai, sai lissafi. 13 sau 14, 182, sau 55 ya haura 10,000 tun ba a sa rana ba. Ga rufi a kanka, ga tagar yamma, ka doshi 12,000. Mai doki ɗaya da rabi ne naka. Wani abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: lambar BTU ta yawancin na'urori an auna ta ne da zafin waje na digiri 35, ajin da ake kira T1. In waje ya haura 40, ƙarfin yana raguwa daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Akwai ajin T3 da ake aunawa a digiri 46, an yi shi don wurare masu tsananin zafi. Ka nemi wannan alama a farantin. Labule mai kauri, ko mafi kyau rumfa ta waje a kan tagar nan, zai rage wa kowace ka saya nauyi sosai.

TAMBAYA: In na sa babba guda ɗaya a falo na bar ƙofofin ɗakuna biyu a buɗe, ba zai wadatar ba? Daga wata amarya.

AMSA: Ƙanwata, ba zai yi ba. Iskar sanyi ba ta iya shan kwana ta shiga ƙofa da kanta yadda kike zato, kuma ma'aunin na'urar zafin falo kawai yake ji. Falo zai yi sanyi ta tsaya, ɗakunan suna nan yadda suke. Fanka a bakin ƙofa tana ɗan taimakawa ga ɗaki ɗaya da ke daura da na'urar. In dai barci ne damuwar, ƙarama a ɗakin kwana ta fi miki, ta fi ma shiru.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne, ɗakina ƙafa 10 da 12. Yaya zan san wutar da AC zai ci, kuma ƙaramin janareta zai ɗauke shi?

AMSA: Ɗana, ɗakinka 120 ne, sau 55 ya ba da 6,600, ka nemi mai 7,000, in babu mai doki ɗaya. Cin wuta yana rubuce a farantin da wat. In ka raba BTU da wat za ka sami lambar da ake kira EER: mai 9,000 da ke cin wat 900 lambarsa 10 ke nan. Iya hawan lambar iya sauƙin kuɗin wuta, kuma ni ba na ba da shawarar abin da ya gaza 10.

Janareta kuwa ba da wat ɗin aiki ake auna shi ba, da na tashi ne. Kwamfresa ta gargajiya tana fizgar ninki uku ko fiye na abin da take ci a daƙiƙun farko, shi ya sa za ka ji janareta ya yi nishi ya mutu alhali a takarda ya isa. Mai inbata, wato wadda ke sauya gudun kwamfresarta gwargwadon buƙata, a hankali take tashi, tana kuma rage gudu maimakon ta mutu, don haka ta fi dacewa da ƙaramin janareta ko sola. Yanzu ana yin na taga masu inbata, ka tambaya.

Ka ba ta soket nata ita kaɗai, kada ka haɗa ta da siririyar wayar ƙari, nan gobara ke farawa. In wuta ta ɗauke ta dawo, ka jira minti uku kafin ka kunna, matsin gas ya daidaita. Sa ta a kan digiri 16 ba ya sa mai kwamfresar gargajiya ta yi sauri, hana ta hutu kawai yake yi, 24 zuwa 26 da fankar sama ya isa barci. Kafin ka biya, ka auna faɗi da tsayin tagar ka gwada da na jikin kwali, domin sau da yawa ƙarfi ya dace amma taga ta ƙi. Wajen ɗaurawa a ɗan karkata bayanta ƙasa kaɗan don ruwa ya bi waje, a kuma tallafe ta da ƙarfe daga ƙasa, musamman in a bene kake.