Tambaya da Amsa: Birkin faifai ko na roba ga keken zuwa aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne, ina zaune a Sabuwar Unguwa cikin Katsina, ina koyarwa can wajen Batagarawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 babur ya gagare ni, sai na sayi keke na gwanjo, irin mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Gudu kam yana da shi, amma birkin ba ya kamawa sosai, ga faci kusan duk mako. Wani abokina ya ce in cire birkin in sa na faifai irin na babur, in kuma ƙara giya. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Me zan fara saya?

Daga wani malamin makaranta, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya sa wa keken albarka. Abokinka ya so ka da alheri, amma ka ajiye shawararsa tukuna. Birkin faifai ba a ɗora shi a kan kowane keke. Sai bodin yana da mazauninsa tun daga masana'anta, wato wasu 'yan kunnuwa masu ramin ƙusa a gefen hagu na cokalin gaba da kuma baya, sannan cibiyar ƙafar tana da wurin ɗaura faifan. Durƙusa ka duba naka. In babu, sai ka canza ƙafafu biyu da cokalin gaba da bodin kansa, kuɗin ya kusa na wani keken. Kada kuma ka yarda mai walda ya ce zai liƙa maka kunnen. Wurin nan ne ke ɗaukar duk ƙarfin tsayawa.

Ko da ma akwai mazaunin, faifai iri biyu ne, mai waya da mai ruwa. Mai ruwan ya fi kamawa, ba gardama, amma ran da iska ta shiga bututun, wa zai gyara maka a bakin Ƙofar Ƙaura? Na kamfanin Shimano da mansa na musamman yake aiki, in aka zuba masa man birkin mota robobin ciki su kumbura, shi ke nan an yi asara. Amfanin faifai ya fi fitowa a ƙasar duwatsu da ruwan sama kullum. Mu kuwa hanyarmu shimfiɗaɗɗiya ce, damina kuma daga Yuni zuwa Satumba ta tattara.

Birkin da ke jikin kekenka, mai matse rim da roba biyu, ya ishe ka. Abin da ya kashe shi nake so mu nemo.

Fara da maganaɗisu. Ɗauko na tsohuwar sifika ka kai jikin rim. In ya manne, rim ɗin ƙarfe ne. In bai manne ba, alminiyom ne. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Ni da kaina na sha shi a wani watan Agusta, ina kan tsohon Phoenix ɗina mai birkin sanda, na fito daga wajen Gobarau ruwa ya ɗauke ke nan. Akuya ta gitta, na matse hannu biyu, keke ya ce bai san zancen ba, sai ga ni cikin kwata da rigar Juma'a. Rim ɗin ƙarfe in ya jiƙe santsi yake kamar sabulu. Saboda haka in naka ƙarfe ne, ƙafar gaba ta alminiyom ita ce babbar sayayyarka, domin birkin gaba ne ke tsayar da keke, na baya taimako kawai yake. Na san tun muna yara ake tsorata mu da cewa birkin gaba yana wuntsila mutum. Fizgar sa lokaci ɗaya ne ke kawo haka. Matsa shi sannu, ka ja mazaunanka baya kan sirdi.

Sai robar birki. Keken gwanjo ya yi shekaru a ajiye kafin ya iso mu, robar ta bushe ta zama kamar dutse. Danna ta da farce, in bai shiga ba, jefar. Sabuwa ita ce mafi arha a duk abin da zan lissafa maka, kuma ita ce za ka fi jin bambancinta. A ɗaura ta daidai kan gefen rim, kada ta taɓa taya, don za ta yanke ta. Wayar birki ma a canza ta duka da rigarta. Ƙurar hunturu tana shiga rigar nan ta cakuɗe da tsatsa, ka matsa hannu da ƙarfinka amma rabinsa ne ke isa ƙasa. Sau da yawa mutum ya zo yana cewa birki ya mutu, alhali waya ce kawai.

In bayan wannan duka ƙarfen birkin kansa ya sassauce ko ya karkace, nemi na Tektro ko Shimano, irin mai juyawa a kan ƙusa biyu, ya fi tsohon mai ƙusa ɗaya kamawa. Tafi da tsohon a hannu, saboda tsawon hannuwansu ya bambanta: akwai gajere mai milimita 39 zuwa 49, akwai mai 47 zuwa 57. Kuma kada a haɗa ka da birkin nan mai dogayen hannuwa biyu a tsaye na kekunan hawa dutse. Yawan wayar da yake buƙatar a ja ya fi abin da hannun birkin kekenka ke ja.

Maganar faci kuwa, duba gefen tayar, za ka ga an rubuta 700x23 ko 700x25, lambar ƙarshen faɗin tayar ce a milimita. An yi ta ne don tsere a kan kwalta mai sumul, ba don gefen hanyar Dutsin-Ma mai yashi da tsidau da fasassun kwalabe ba. Sa 700x28, ko 32 in bodi da birki sun ba ta wurin wucewa. Hattara da mai shago ya ce maka ai duk 28 ce. Tayar Phoenix da Raleigh, wadda ake rubuta wa 28x1½, bakinta milimita 635 ne, taka 622, akwai kuma mai inci 27, ita 630 ce. Ba ɗaya da ke shiga rim ɗin ɗaya. Rabin facin da kake yi ma ina zargin ƙarancin iska ne: taya ta yi laushi, ka faɗa rami, rim ya ciji tib ya bar huda biyu kamar saran maciji. Sayi famfo naka, ka duba bawul ɗinka siriri ne ko irin na mota kafin ka biya.

Giya kada ka taɓa ta. Bakwai ko takwas a baya sun yi wa Katsina yawa ma, kuma sarƙarsu ta fi ta masu giya 10 da 11 kauri da arha.

Tambaya: Baba, baƙin mai da ake juyewa daga inji yana da kyau a sarƙar keke? Shi nake sawa.

Daga wani ɗalibi, Daura.

Amsa: Ɗana, bari. Yana ɗauke da garin ƙarfe, ga shi yana kama yashi, sai su zama dutsen wasa su cinye sarƙa da haƙoran giya. Wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe, ka ɗiga man keken ɗinki ko sabon man inji ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka goge na sama da tsumma. Lokacin hunturu yi haka duk mako. Ka kuma kula kada ko ɗigo ya taɓa rim ko robar birki. In ya taɓa, wanke da omo kafin ka hau.