Hukuncin Riƙe Bindigar Gado Ba Lasisi da Ba da Aronta

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mahaifinmu ya rasu ya bar bindiga da kwalin harsasai. Yana da lasisi, amma da sunansa aka yi, kuma wa'adinsa ya ƙare. Ni ne babba a gidan, yanzu tana ɗakina a saman durowa, ga shi ina da yara ƙanana. Inda muke zaune ana fama da masu tare mutane da dare su ƙwace waya da kuɗi, har an taɓa harbin wani. Ya halatta in ci gaba da riƙe ta ba tare da hukuma ta sani ba, tunda addini ya ba ni damar kare iyalina? Sannan wani abokin ƙanena ya nemi aronta, ya ce tsorata wasu da suka matsa masa kawai zai yi ya dawo da ita. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata namu zuwan. Na ji daɗi da ka yi tambaya kafin ka miƙa wa yaron nan abin da ya nema.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Kare kai da iyali da dukiya haƙƙi ne tabbatacce, babu malamin da ya yi jayayya a kansa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya ce wa Manzon Allah (SAW): idan wani ya zo yana son ƙwace dukiyata fa? Ya ce kada ka ba shi. Ya ce idan ya yaƙe ni fa? Ya ce ka yaƙe shi. Ya ce idan ya kashe ni? Ya ce ka yi shahada. Ya ce idan ni na kashe shi? Ya ce shi yana wuta. Malaman fiƙihu sun ƙara bayani cewa ana tunkuɗe mai farmaki ne da abin da ya fi sauƙi: idan ihu ko gargaɗi zai kore shi ba a dukansa, idan duka zai isa ba a kashe shi, idan ya juya ya gudu ba a bin bayansa da harbi.

Sai dai tambayarka ba a kan wannan lokacin ta tsaya ba. Halaccin ka kare kanka a daren da aka faɗo maka gida abu ɗaya ne, halaccin ka ɓoye makami wata da watanni a saɓa wa doka abu ne daban, kuma hujjar na farko ba ta isa ta ɗauki na biyu.

Asalin mallakar makami halal ne. Sahabbai sun mallaki takubba da masu da kibau. Amma shugaba yana da ikon ya taƙaita halal idan maslahar jama'a ta buƙaci haka, kuma a nan yi masa biyayya wajibi ne, saboda faɗin Allah a Suratun Nisa'i aya ta 59 cewa a bi Allah, a bi Manzo da ma'abota al'amari. Ba a saɓa wa shugaba sai ya yi umarni da saɓon Allah, kuma babu saɓo a cikin a ce wa mutum ya kawo kansa a bincika hankalinsa da tarihinsa, a rubuta lambar bindigarsa, a san adadin harsasan da ke hannunsa. Ita kanta shari'a ta taƙaita ɗaukar makami a wani wuri da wani lokaci. A Sahihu Muslim, Jabir ya ruwaito cewa bai halatta kowa ya ɗauki makami a Makka ba. Bukhari kuma ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar lokacin da tsinin mashi ya soke shi a tafin ƙafa a Mina. Hajjaju, wanda yake mulkin yankin a lokacin, ya zo duba shi yana cewa da ma mun san wanda ya yi maka haka, sai Ibnu Umar ya ce masa kai ne, domin kai ka sa aka ɗauki makami a ranar da ba a ɗaukarsa, ka shigar da shi Harami alhali ba a shigar da shi. Dubi yadda ya ɗora laifin a kan wanda ya sake wa makami linzami, bai tsaya neman hannun da ya riƙe mashin ba.

Idan Musulmi yana zaune a ƙasar da shugabanninta ba Musulmi ba ne, hukuncin bai canza ba, domin zama a ƙasa alƙawari ne na kiyaye dokokinta matuƙar ba su tilasta saɓo ba, kuma Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura ta buɗe.

Ban ce lasisi yana mayar da mugu mutumin kirki ba. Mutumin da ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane ta Sikotilan a 1996 da bindigoginsa masu lasisi ya yi ta'asar, abin da ya sa Birtaniya ta hana fararen hula mallakar ƙananan bindigogi a 1997. Amfanin lasisi shi ne bindiga ta zama tana da mai ita da za a tambaya. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janiba ta ƙiyasta cewa a ƙarshen 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 857 a hannun fararen hula a duniya, kuma kusan miliyan 100 ne kawai aka san suna da rajista. Da yawa daga cikin waɗanda ake tare mutane da su a lungu ba a hannun ɓarawo suka fara rayuwa ba. A gidan mutumin kirki suka fara, aka sace, ko aka ara ba a dawo da su ba, ko magada suka sayar a ɓoye.

Saboda haka bindigar mahaifinku dukiyar gado ce, kowane magaji yana da rabonsa a ƙimarta, amma lasisin ba ya cikin gado, da mutuwar mai shi ya faɗi. Wajibi ne ka sanar da hukumar da ke da alhakin wannan a ƙasarku. Ka fara tambayar yadda ake miƙa ta kafin ka ɗauko ta ka fita da ita titi, kuma idan da hali ka nemi shawarar lauya. Idan doka ta yarda ka nemi lasisi da sunanka, ka nema ta ƙofar gaba. Wanda ya ba da cin hanci aka buga masa takarda bai fita daga laifi ba, ƙara wani ya yi, domin Annabi (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa.

Na san abin da za ka ce: Malam, idan hukuma ta karɓe ta, su kuma 'yan fashin suna nan da nasu fa? Wannan damuwa ce ta gaske, kuma shugaban da ya hana mutane makami sannan ya bar su ba tsaro zai amsa tambaya mai nauyi a gaban Allah. Amma gazawarsa ba ta buɗe wa kowa ƙofar ya zama hukuma a gidansa ba. Tsoron abin da zai iya faruwa ba shi ne larurar da ke halatta abin da aka hana ba. Da kowane mai jin tsoro zai ɓoye bindiga, da kowace rigimar maƙwabta da kowace husumar miji da mata ta samu hanyar ƙarewa da gawa. Ku haɗa kai da mutanen unguwa ku kai kuka inda ya dace, ku gyara ƙofofi da fitilu, ku tsara gadi da sanin hukuma.

Yanzu batun da ya fi tsaya mini a rai, wato saman durowa. Ɗan'uwa, yau ɗin nan ka sauke ta daga can. Yaro yana ganin inda babansa yake ajiye abu, kuma ya san amfanin kujera. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Annabi (SAW) ya ce wanda zai ratsa masallacinmu ko kasuwarmu ɗauke da kibau ya riƙe tsininsu da tafin hannunsa don kada ya ji wa wani Musulmi ciwo. Kibiya ce fa a hannu, ba a ɗora ta a kan baka don harbi ba. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito hanin a miƙa wa mutum takobi tsirara ba cikin kube ba. Idan wannan ne ladabin kibiya da takobi, ina ga abin da ɗan yatsan yaro mai shekara biyar zai iya tayarwa?

Kafin ka miƙa ta, ko idan an ba ka izinin riƙe ta, ka ajiye ta babu harsashi a ciki, a akwatin ƙarfe mai makulli. Harsasan kuma a wani wuri daban, shi ma a kulle, inda babu zafi babu laima, nesa da wuta da man fetur, makullan suna jikinka. Wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa a Madina da dare, da aka gaya wa Annabi (SAW) sai ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Albarushin da ke cikin harsashi wuta ce da take jiran ƙyastu. Ka kuma sani cewa a bindigogi masu gidan harsashi da ake zarewa, zare shi ba ya nufin ta zama fanko, sau da yawa ƙwaya ɗaya tana nan kwance a ciki, kuma ita ce take kashe mutane a wurin goge bindiga ko nuna wa aboki. Idan ba ka iya duba ta ba, kada ka koya a ɗakin da iyalinka suke. Ka kulle ta yadda take, bakinta ba ya kallon kowa, yatsanka bai kusanci kunamarta ba, har wanda ya san aikin ya zo. Tsofaffin harsasai da suka yi tsatsa ba a jefa su a shara ko a wuta, hukuma ake miƙa wa.

Annabi (SAW) ya ce kada ɗayanku ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ya faɗa ramin wuta. A ruwayar Muslim, mala'iku suna la'antar wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe har sai ya daina, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Malamai sun ce wannan ya haɗa da mai wasa. Harbi sama don murna shi ma haramun ne, domin harsashin da ya hau sai ya sauko, kuma ba mai harbin ne yake zaɓar kan da zai sauka ba. Wanda ya kashe rai bisa kuskure, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga iyalan mamacin da kaffara, wadda a yau take komawa azumin wata biyu a jere. Asalin diyya raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinare. Wanda sakacinsa ya sa yaro ya harbi ɗan'uwansa yana da zunubin sakacin, batun lamuni kuma, wato wanda zai ɗauki nauyin biyan diyya, alƙali ne zai duba shi.

Shi kuwa abokin ƙanenka, ba shi aro haramun ne, babu wani sassauci. Da bakinsa ya gaya maka tsorata mutane zai yi, alhali Abu Dawuda ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar: wanda ya ɗauki makami a kanmu ba ya cikinmu. Wanda ya fita da bindiga da zuciya a wuya ba shi ne yake yanke inda abin zai tsaya ba. Ɗayan ya yi gardama, ko ya sa hannu a aljihu, shi ke nan. Allah ya ce a Ma'ida aya ta 2 kada ku taimaki juna a kan zunubi da ta'adi, kuma Bukhari ya ambata cewa Imrana ɗan Husaini ya ƙi a sayar da makami a lokacin fitina. Mai sayarwa ga wanda ya san mugu ne, da mai ba da haya, da mai ɓoye wa ɗan fashi bindigarsa a ƙarƙashin gado ko da uwa ce ko mata, duk suna da kaso a jinin da aka zubar. Muslim ya ruwaito daga Aliyu cewa Allah ya la'anci wanda ya ba mai ɓarna mafaka. Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne.

Su kuma masu tare hanya da makami, kada ƙanƙantar abin da suke ƙwacewa ta sa a raina laifinsu. Wannan ba sata ba ce, hiraba ce, wadda aya ta 33 a Ma'ida ta kira yaƙi da Allah da Manzonsa. Abu Hanifa yana ganin hiraba a bayan gari take, inda babu mai kawo agaji. Malik ya ce cikin gari da bayansa ɗaya ne, kuma a wurinsa tsoratar da masu wucewa kaɗai ya isa a kira mutum muharibi ko da bai kashe ba bai ɗauki komai ba. Maganar Malik ce nake rinjayarwa, domin wanda aka ɗora wa bindiga a ka a tsakiyar titi ba shi da mai agaji ko da mutum ɗari suna kallo. Zartar da wannan hukunci aikin alƙali da shugaba ne bayan an tabbatar da laifi. Bai halatta jama'a su taru su kashe wanda ake zargi ko su ƙone shi ba. Aya ta 34 kuma ta bar ƙofa a buɗe ga wanda ya tuba ya ajiye makami kafin a kama shi: haddin hiraba ya faɗi a kansa, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan sai ya biya ko an yafe masa.

Ka kira ƙanenka ka ji abin da ke tsakanin abokinsa da mutanen nan. Idan zaluntarsa ake yi, ku raka shi wurin hukuma ko wurin manyan da za su shiga tsakani. Kuma tunda har maganar bindigar ta fita daga gida ta kai kunnensa, ka ɗauka wasu ma sun ji, don haka kada ka bari makon nan ya wuce tana ɗakinka ba a san da ita ba.

Allah ne mafi sani.